Kwalliyar farce mai ƙyalƙyali a gida: tambayoyin da matanmu na Makka da Jidda suka fi yi

Duk lokacin da biki ko Salla ta matso, tambayoyin nan ne suke dawowa, daga 'yan mata har matan aure, musamman waɗanda kuɗin mashgal, wato shagon kwalliyar mata, ya ishe su ko ba su da lokacin zaman layi. An fara da na mai koyo, aka gangara zuwa na wadda hannunta ya faɗa. Sa ƙyalƙyali ba shi da wuya, cire shi ne aiki, mu kuwa masu salla biyar ne a yini. Don haka yawancin amsoshin nan a kan cirewa suka dogara, ko da tambayar ta sawa ce.

Wane irin ƙyalƙyali ake sa wa farce?

Iri uku za ki tarar. Akwai manakir, wato jan farce, wanda aka riga aka zuba masa ƙyalƙyalin a cikin kwalba. Akwai garin ƙyalƙyali zalla a 'yan ƙananan robobi, wanda ake barbaɗawa a kan ɗanyen manakir. Sai faratan roba da sitika da aka ƙawata tun daga kamfani, naki mannawa kawai.

Shi ƙyalƙyalin kansa yawanci roba ce siririya ta foliyesta, aka shafa mata alminiyon da launi, aka yayyanka ƙanana, galibi masu kusurwa shida. Ki riƙe wannan a ranki, domin shi ne tushen wahalar da za ki karanta a amsar cirewa: asiton, wato ruwan goge manakir, ba ya narkar da robar, manakir ɗin da ke riƙe da ita kawai yake narkarwa. Mai laushi sosai yana kwanciya lif a kan farce. Mai manyan ɓarɓashi ya fi ɗaukar ido a hoto, amma shi ne mai kama tarha, wato gyale, da yagar safa. Mai koyo ta fara da mai laushin.

Me da me nake buƙata kafin in fara?

Manakir na shimfiɗa marar launi, wanda aka rubuta Base Coat a jikinsa, da na rufewa mai sheƙi da aka rubuta Top Coat, da launi ɗaya da kike so, da ƙyalƙyalin. Sai magogin farce, guntun soson hoda, tsinken sakace, matsefata idan za ki ɗora manyan ɓarɓashi ɗaya bayan ɗaya, basilin, auduga, asiton, da ƙasdir, takardar alminiyon nan ta naɗe abinci. Rabin kayan suna kicin ɗinki ko gaban madubinki.

Kada ki fara sai asiton da ƙasdir suna hannunki. Ba abin da ya fi tayar da hankali irin a kira sallar Asuba, farata goma suna walƙiya, kwalbar asiton ba ko ɗigo.

A ina zan saya, kuma yaya zan gane mai kyau?

Manyan saidaliyyoyi, wato shagunan magani, irin su Nahdi da Dawaa suna da manakir da asiton. Shagunan kayan kwalliya na cikin Balad a Jidda da na manyan kasuwannin Makka sun fi yawan launuka, haka ma manhajojin saye irin su Noon da Nice One. Shagunan kayan araha da ake kira Abu Hamsa ma ba a rasa su da ƙyalƙyali. Shawarata ita ce ki kashe kuɗinki a kan na shimfiɗa da na rufewa, don su ne ke taɓa farce, su ne kuma ke riƙe aikin. Launi da ƙyalƙyali kuwa mai araha ma yana yi, muddin don farce aka yi shi.

Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya ce ke sa ido a kan kayan kwalliya, kuma kaya na gaskiya yana zuwa da sunan kamfani, ƙasar da aka yi shi, da jerin sinadaransa. Kwalbar da ba ta da ko ɗaya daga ciki, bar musu abinsu. Ki duba ɗan hoton buɗaɗɗen gwangwani mai rubutun 12M ko 24M: adadin watannin da zai yi ke nan bayan an buɗe shi.

Ƙyalƙyalin da yara ke aikin makaranta da shi zai yi?

A'a. Na makaranta da na adon kati yankansa ya fi girma da kaifi, wani ma ƙarfe ne ko gilashi, kuma launinsa kan zuba da zarar ya haɗu da sinadarin manakir, sai jan da kika saya ya koma azurfa mai dauɗa. Ga shi hannu ba ya rabuwa da ido da baki. Ɓarɓashi ɗaya mai kaifi ya isa ya karce ƙwayar ido. Ki nemi wanda aka rubuta na kwalliya ne.

Kowane iri ne kuma, kada ki wanke ragowarsa a wurin wanke hannu. Roba ce da ba ta ruɓewa, ƙarshenta teku. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana sayar da garin ƙyalƙyalin roba na aikin hannu tun Oktoban 2023, ta ba masu yin kayan farce wa'adi zuwa 2035. Ki tattare shi da jiƙaƙƙen tishu ki jefa a shara.

Alwalata ta yi idan akwai manakir a farcena?

Manakir, mai ƙyalƙyali ko marar shi, fata yake yi a kan farce ya hana ruwa isa gare shi. Farce kuwa yana cikin hannun da aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta yi umarni a wanke har zuwa gwiwar hannu. Saboda haka alwala ba ta inganta a kansa, haka ma wankan janaba da na ɗaukewar haila. Fatawar da aka sani ke nan daga malaman ƙasar nan, ciki har da marigayi Shaikh Muhammad bin Salih al-Usaimin, wanda ya ƙara da cewa ba a kwatanta shi da shafa a kan huffi. Malamanmu na Malikiyya ma a kan haka suke, su da suka wajabta cuɗawa da tsattsefe yatsun hannu.

Abin da ke rikita mutane shi ne bambancin sawa da alwala. Idan kin yi alwala cikakkiya sannan kika shafa, sallarki da shi ta yi, matuƙar alwalar ba ta karye ba. Da ta karye, sai kin goge kafin ki sake wata. Lalle kuwa hukuncinsa daban, domin bayan an wanke ƙullin launi ne kawai ya rage, ba abin da ya tare ruwa.

Wajen ƙyalƙyali akwai ƙarin kulawa guda biyu. Ɓarɓashinsa yana maƙalewa a gefen farce da gindinsa bayan kin ɗauka kin gama gogewa, don haka ki duba a ƙarƙashin haske mai kyau, ki bi da tsinke. Sannan kada ki manta da faratan ƙafa. Da yawa sukan goge na hannu tsaf, su bar babban yatsan ƙafa da adonsa har kwana biyu.

Manakir ɗin da ake ce wa na halal, mai barin ruwa ya wuce fa?

Kamfanoni da dama suna yin sa, wanda ya fara yin suna shi ne O2M na Inglot. Abin da suke faɗa shi ne iska da tururin ruwa suna ratsa shi. Malamai sun saɓa a kai, da yawansu ba su gamsu ba, domin alwala wankewa take so, ruwa ya gudana a kan gaɓa, laima kawai ba ta wadatar ba. Gwajin da ake yi na shafa shi a kan tishu a ɗiga ruwa ba hujja ba ce, tishu tsotsa yake yi, farce kuwa ba haka yake ba.

Amma a maganar ƙyalƙyali saɓanin bai ma taso ba. Ko da manakir ɗin na ƙasa yana barin ruwa, ƙyalƙyalin da kika ɗora roba ne, kin kuma rufe shi da shafi biyu na sama. Ba ta inda ruwa zai bi.

To yaushe ne ya fi dacewa in yi?

Lokaci mafi sauƙi shi ne kwanakin fashin salla. Ki yi a rana ta farko ko ta biyu, ki goge kafin wankan tsarki. Wasu 'yan matan ba sa so, don a cewarsu manakir yana shelanta wa kowa halin da suke ciki, har ƙannensu maza su riƙa kallon hannu suna murmushi. Wannan kuwa ra'ayi ne, kowa da nata.

Lokaci na biyu shi ne daren biki. Bikin Hijaz ba ya kankama sai bayan Isha, amarya ma sau da yawa sai dare ya raba take fitowa. Ki yi sallar Isha, ki shafa, ki je ki dawo, ki goge kafin Asuba. Irin wannan kwalliya ta dare ɗaya ba ta buƙatar riƙo mai ƙarfi, don haka ki karanta amsar shimfiɗar da ake ɓarewa da ta faratan roba. Mai jego ma tana da sarari, sai dai hannunta kullum yana jikin jariri, gara ta tsaya ga manakir mai ƙyalƙyali a ciki, ta bar na barbaɗawa.

Yaya zan shirya farcen?

Ki yanke, ki goge bakinsa ta fuska ɗaya, kada ki yi ta kai da komo, yana sa shi tsagewa. Gajeren farce ya fi karɓar ƙyalƙyali, kuma hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim ya iyakance barin farce da kwana 40. Fatar gindin farce ki tura ta baya a hankali, kada ki yanke, ita ce ke hana ƙwayoyin cuta shiga.

Kada ki shafa manakir daga gama wanke-wanke ko wanka. Farce yana shan ruwa ya kumbura, idan ya bushe ya koma yadda yake sai manakir ɗin ya tsattsage. Ki ba shi kamar sa'a guda. Man shafawa da humra ma sai bayan an gama. Abu na ƙarshe kafin shafin farko shi ne ki bi kowane farce da audugar asiton don ɗauke maiƙo.

Na shafa har sau huɗu amma ƙyalƙyalin tsilla-tsilla yake fitowa. Ina matsalar?

Burushin ne. Yana ɗora ɓarɓashin a shafin farko, ya kwashe shi a na biyu, abin da ke taruwa a farce ruwan manakir ne mai kauri da ba zai bushe ba. Maganinsa soso. Ki yanko soson hoda daidai faɗin farce, ki shafa manakir ɗin a bakinsa, ki dakata 'yan daƙiƙu. Za ki ga soson ya shanye ruwan, ƙyalƙyalin ya tsaya a sama a cunkushe. Sai ki riƙa dangwalawa a kan farcen da shimfiɗarsa ta bushe, kina ɗagawa, ban da ja. Zagaye biyu ya isa ya rufe farce ruf. Tun kafin ki fara ki shafa basilin a fatar da ke kewaye da tsinken auduga, ki kula kada ya taɓa farcen, don abin da ya ɓata fata ya goge da sauƙi.

Idan gari ne, ki ninke takarda biyu ki buɗe ta a ƙarƙashin hannunki, ki kashe fanka, ki kauce wa bakin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Farce ɗaya ɗaya ake yi: shafa launi, barbaɗa tun yana ɗanye, karkata yatsa ragowar ta zube a takarda, danna a hankali da busasshen yatsa. Idan ya bushe ki kakkaɓe da burushin hoda. Ninkin takardar nan shi zai mayar miki da ragowar cikin roba ba tare da ta watsu a kafet ba.

Wane zane ne mai sauƙi da zai yi kyau da lalle?

Idan hannu ya sha ƙunshi, farata goma masu walƙiya sun yi yawa, ido ba zai san inda zai tsaya ba. Farce ɗaya a kowane hannu, na kusa da ƙaramin yatsa, sauran kuma launi ɗaya marar hayaniya, ya fi tsari. Na biyu shi ne a cika ƙyalƙyali a bakin farce ya riƙa raguwa zuwa tsakiya, da soso ake yin sa, kuma shi ya fi yafe kuskure. Na uku siririn layi a baki: ki manna salatif bayan launin ya bushe sosai, ki shafa, ki ɗaga salatif ɗin tun manakir yana ɗanye.

A launin fatarmu, ruwan zinare da na jan ƙarfe sun fi zama da jan lalle. Azurfa ta fi dacewa da baƙin zane. A fara yin lallen, a wanke, a kwana, sannan farce, domin lalle yana rina manakir mai haske.

Hannun hagu yana fita da kyau, na dama kuma ya ɓaci. Yaya ake yi?

Ki fara shafa wa hannun da kike aiki da shi, tun ba ki gaji ba. Ki kafa gwiwar hannu biyu a kan tebur, ki riƙe burushin wuri ɗaya, yatsan da ake shafawa shi zai riƙa juyawa. Abin da ya fita layi a bi shi da tsinke da aka naɗa wa auduga aka tsoma a asiton. In kuma akwai ƙanwa ko maƙwabciya a kusa, ku yi wa juna.

Me ke sa ya yi kumfa ko ya ƙi bushewa?

Girgiza kwalba na cusa iska a ciki. Ƙyalƙyali yana kwanciya a ƙasa, gaskiya ne, amma kifa kwalbar na 'yan mintuna da murza ta tsakanin tafin hannu ya isa ya tayar da shi. Shafi mai kauri ma yana kawo kumfa, haka kuma miƙa hannu gaban mukayyif: sama ya bushe, ƙasa yana ɗanye, sinadarin da ke neman fita ya rasa hanya. Laimar Jidda tana ƙara jinkirta bushewa, don haka a ɗaki mai sanyi ake yi, nesa da inda iskar ke bugawa. Ki bar minti 2 zuwa 3 tsakanin shafi da shafi.

Manakir yana daina manne wa yatsa cikin kamar kwatan awa, amma taurinsa na gaske yana ɗaukar sa'o'i. Wadda ta shafa ta kwanta nan take, da safe za ta ga zanen zanin gado a farcenta. Tsoma hannu a ruwan ƙanƙara saman kawai yake taurarawa.

Yana kama min abaya da gashi. Akwai magani?

Shafin sama biyu, na biyun bayan na farko ya bushe, kowanne kuma ki bi da burushin ta bakin farce don rufe gefen. Idan wani ɓarɓashi ya miƙe tsaye, ki shafe shi da magogi a hankali kafin shafi na biyu. Wannan rufewar ce kuma ke hana shi faɗawa cikin ƙullin fanke ko kwanon kabsa.

Yaya ake cire shi ba tare da an wahala ba?

Kada ki yi ta murza auduga, yagewa za ta yi ta bar miki zare. Jiƙawa ake yi. Ki yanka ƙasdir gida goma, kowanne ya isa ya naɗe kan yatsa. Ki shafa basilin a fatar gefe, ki ɗan karce shafin sama da magogi don asiton ya sami hanya. Ki jiƙa guntuwar auduga daidai girman farce, ki ɗora, ki naɗe da ƙasdir ki matse. Asiton yana tafasa ne a digiri 56 kacal, shi ya sa yake tashi daga buɗaɗɗiyar auduga kafin ya yi aiki, ƙasdir ɗin ne ke tsare shi. Ki jira minti 5 zuwa 10.

Wajen cirewa ki danna ki ja zuwa bakin farce a tafi ɗaya. Za ki ga ƙyalƙyalin ya taho gaba ɗaya a jikin audugar, farcen ya fito fes. Wanda ya ƙi, ki mayar masa da naɗinsa na wasu mintuna, kada ki kankare da wuƙa ko haƙori. Hannu ɗaya ake yi a gama, sannan ɗayan, don yatsu goma a naɗe ba sa iya kama komai. Abin gogewa marar asiton ya fi sauƙi ga fata, amma ƙyalƙyali ya fi ƙarfinsa.

Bayan nan ki wanke da sabulu, ki duba gefuna kamar yadda aka faɗa a amsar alwala, ki yi alwalarki, sannan ki shafa mai. Gaba ɗaya ki ware minti 30, kada ki bar shi sai an yi kiran salla.

Gaskiya ne asiton yana kama wuta?

Ƙwarai kuwa, kuma tururinsa ma yana kamawa tun wutar ba ta taɓa kwalbar ba. Wannan ya shafe mu fiye da kowa, don ranar kwalliya ita ce ranar turare: kasko yana hayaƙi a tsakar ɗaki, garwashi a kan murhun gas, ga amarya ana goge mata farce a gefe. A raba su. A gama aikin farce, a rufe kwalabe, a fitar da audugar da aka yi amfani da ita, a buɗe taga, sannan a kawo turaren wuta. Manakir ɗin kansa ma mai kamawa ne. Kada a bar ko ɗaya a mota, zafin Makka a lokacin bazara yana haura digiri 45 a waje, balle cikin rufaffiyar mota.

Mece ce shimfiɗar da ake ɓarewa?

Wani manakir ne na ƙasa da ake haɗawa da ruwa, a jikinsa an rubuta Peel Off. Ana shafa shi a madadin na shimfiɗa, a bar shi ya bushe har farinsa ya washe, sannan a ɗora launi da ƙyalƙyali yadda aka saba. Idan an tashi cirewa, a ɗan jiƙa hannu a ruwan ɗumi, a sa tsinke a gindin farce a ɗaga, sai ya taso gaba ɗaya kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Ba asiton, ba ƙasdir.

Ga mai salla, ban san abin da ya fi wannan amfani a duk kayan farce ba. Aibinsa shi ne ba ya daɗewa, kwana ɗaya zuwa biyu, wanke-wanke da ruwan zafi kuma na iya ɗaga shi tun kafin nan. Ga daren biki kuwa daidai ke nan. Bayan ɓarewa ki wanke farcen da sabulu, don wani lokaci yana barin ɗan danƙo.

Faratan roba ba su fi sauƙi ba?

Sun fi, ta fuskar aiki. Za ki iya yi musu adon tun da rana a kan tebur da hannu biyu, su bushe sarai, da dare ki manna. Ki yi amfani da 'yan sitikan mannawa masu fuska biyu, suna fita da ruwan ɗumi cikin mintuna. Gam ɗin farce kuwa dangin sufa-gulu ne, yana riƙewa kwanaki, kuma idan ya zuba a kan auduga ko tufafin auduga yana yin zafin da ke ƙona fata. Farcen roba da ya ɗaga gefe ruwa ya shige ƙarƙashinsa yana iya sa na ainihin ya yi kore, alamar ƙwayar cuta ke nan, a cire nan da nan.

Ta fuskar hukunci, alwala ba ta yi a kansu, kamar dai manakir. Ki kuma sani Lajna Da'ima, kwamitin fatawa na ƙasar nan, ta hana sa faratan roba gaba ɗaya, wasu malaman kuma sun yi sauƙi idan na ɗan lokaci ne ana cirewa. Ki tambayi malamin da kika amince da shi.

In sayi jel da fitilarsa?

Ba na ba mai koyo shawarar haka. Jel manakir ne da ake busarwa da hasken wata fitila ta musamman, an kuma yi shi ne don ya yi mako 2 zuwa 3, ke kuwa 'yan kwanaki kike da su, cire shi kuma sai an goge samansa an jiƙa minti 10 zuwa 15. Babbar matsalar ita ce borin jini. Jel da bai gama bushewa a fitila ba, ko wanda ya taɓa fata, yana iya sa jiki ya ƙi sinadaran da ke cikinsa, irin su HEMA: ƙaiƙayi, kumburin yatsu, ɗagowar farce, har ƙuraje a fatar ido. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka tun 2018, ta kuma ambaci kayan da ake saya a yi a gida. Idan jiki ya ƙi su, ya ƙi ke nan, kuma dangin sinadaran nan ne ake amfani da su wajen cike haƙori da tiyatar sauya gaɓar ƙashi. Tun 1 ga Satumban 2025 Tarayyar Turai ta hana wani sinadarin jel mai suna TPO.

Ƙyalƙyali yana ƙara dagula lamarin, domin yana tare hasken fitila, ƙasan ya zauna ɗanye ba ki sani ba.

Farcena ya yi fari-fari yana ɓarewa bayan na goge. Ya lalace ke nan?

Bushewa ce daga asiton, ko kuma kin ɓamɓare manakir da ƙarfi ya taho da saman farcen. Rawaya kuwa rinin launi mai duhu ne da aka shafa ba shimfiɗa. Ki huta da kwalliya, ki riƙa shafa man zaitun ko man kaɗanya safe da dare, ki sa safar hannu idan za ki taɓa Clorox ko sabulun wanke-wanke. Farcen hannu yana tsawo kamar milimita 3 a wata, sai ya yi wajen wata 6 kafin ya sabunta duka, na ƙafa kuma shekara ko fiye. Idan akwai ciwo, ruwa, kore, ko baƙin layi da ba ya tafiya, wannan na likitan fata ne.

Zan iya yi wa yara ranar Salla?

Ki nemi manakir na yara da ake haɗawa da ruwa, mai ɓarewa ko fita da sabulu. Garin ƙyalƙyali ban da su, haka ma mai tsotsar yatsa. Idan ya shiga ido kada a murza, a yi ta zuba ruwa mai tsabta, in bai fita ba ko idon ya ci gaba da ja a tafi asibiti. Yarinyar da ta fara salla kuma a koya mata gogewa tare da shafawa.

Akwai lokutan da ya kamata in haƙura da shi gaba ɗaya?

Idan za ki yi Umra ko Hajji, ki goge ki yanke farce kafin ki ɗauki harami, domin mai harami ba ta yanke farce, ɗawafi kuma da alwala ake yin sa. Mai niyyar layya tana barin yanke farce daga shigar Zulhajji har ta yanka, bisa hadisin Ummu Salama, don haka ta gyara tun kafin ganin wata. Mai takaba ba ta ado sai ta cika wata 4 da kwana 10.

Masu aikin abinci da na jinya galibi dokar wurin aikinsu ta hana. Idan kuma za a yi miki tiyata ko haihuwa ta matso, ki je da farce a goge: ɗan abin da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini haske yake aikawa ta cikin farce, manakir mai duhu ko mai kauri na iya rikita shi.

Kwalbata ta yi kauri tana jan zare. In zuba mata asiton?

Kada ki zuba. Zai tsinka ta na yini ɗaya, daga nan manakir ɗin ya dushe ya riƙa ɓarewa, launin ƙyalƙyalin ma ya zuba. Akwai ruwan tsinka manakir da ake sayarwa daban, ɗigo 2 ko 3 ake sawa a murza. Abin da ke sa kauri tun farko iska ce da ke shiga ta murfin da bai rufu ba, don haka duk lokacin da kika gama ki goge wuyan kwalbar da audugar asiton kafin ki ɗaure. A tsaye ake ajiye ta, cikin durowa, nesa da taga da kicin. Wadda ta rabu gida biyu ta ƙi haɗuwa ko an murza, ko warinta ya sauya, ta gama aiki: a ɗaure murfin a jefa a shara, kada a tsiyaye ta a magudanar ruwa.